Matashin Da Na Ce Ba Nawa Ba Ne

Salamu alaikum, masu bibiyata. Ke baiwar Allah da kika rubuta a ƙasan shafin da ya wuce cewa, "Wallahi ke jaruma ce, Allah ya sa 'yata ta zama kamarki," don Allah ki ɗan riƙe addu'arki tukuna. Karanta na yau. In kin gama kin ga har yanzu kina so, sai ki sake ta.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ɗaliba ce a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Na gama da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, yanzu ina kan mai inji biyu, kowane fiffike da nasa. Abin da ya rage min shi ne malamina, wani dattijo da kowa ke kira Kyaftin, ya sa hannu a kai ni jarabawa. Baba kuwa tuni ya yanke magana. Ya ce, "Wannan zangon ne na ƙarshe. In kin ci, Allah ya sa albarka. In kin faɗi, sama ta ishe ki haka, ki sauko ki zauna cikin mutane."

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, kuma duk hoton da na ɗora a nan daga ƙirji zuwa sama ne. Ni gajeriya ce. Ba irin gajartar da ake cewa "ai daidai take" ba, a'a, ta gaske. Yayyena maza Rabin Tikiti suke kirana, tun ranar da kwandastan bas ya karɓi kuɗin yara a hannuna alhali na gama sakandare.

A jirgi mai inji ɗaya tsayina bai taɓa damun kowa ba. Mai inji biyu ne ya tona ni. In inji ɗaya ya mutu a sama, ɗan'uwansa mai rai sai ya riƙa jan hancin jirgin yana juya shi wajen mataccen. Maganin abin yana ƙafa. Akwai feda biyu a ƙasa, dole ka taka ta ɓangaren mai ran da iya ƙarfinka, ka kuma riƙe ta a wurin, ga ta da nauyi kamar kana tura ƙofar da wani ya jingina da ita. A ranar farko ƙafata ta miƙe ta ƙare, feda ba ta kai inda ake so ba. Kyaftin ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce, "'Yata, ki samo matashi mai kauri ki sa a baya."

Mama tela ce, keken ɗinkinta a falo yake tun kafin a haife ni. Ita ta ɗinka min. Ta yanko soso mai tauri, ta lulluɓe shi da ragowar yadin wata mata, ruwan ɗorawa da manyan jajayen furanni, ta sa masa igiyar ɗaurewa a kujera. Har da ɗan leshi a gefe, wai kada ya yi kama da na asibiti. Maza 'yan ajinmu suka sa masa suna Amarya. In na doso sai ka ji, "A ba da hanya, Amarya za ta shiga jirgi." Ko a jikina, dariya nake taya su, don da matashin nan feda tana bina kamar rago.

Sai Tsani ya shigo rayuwata.

Da wannan sunan na ajiye shi a waya, don a kemis yake aiki kuma ban taɓa ganin ya taka wani abu kafin ya ɗauko magani a kanta ta sama ba. Ranar da muka fara haɗuwa daga walimar ƙawata nake, na biya sayen maganin Baba, ƙafata cikin takalmi mai dogon tsini. Da shi na kai kafaɗarsa. Tun daga ranar duk zuwan da zai yi sai na hau tsini, na saki doguwar riga ta rufe shi, ko kuma ya same ni a zaune. Na sayi ƙafa uku. Yatsuna sun yi kanta, bayana yana ciwo, amma na daure.

Me ya sa ban bari ba? Yayarsa. Ita ce babba a gidansu, ita ake jin maganarta. Ranar da ya kawo ta ta gan ni, na shiga kicin ɗauko lemo, na jiyo ta ta labule tana ce masa, "To alhamdu lillahi, wannan dai ta ɗan tasa. Ka san mu, ba a kawo mana wacce za mu riƙa nema a ƙarƙashin tebur." Na kasa kunne in ji me zai ce. Gyaran murya kawai ya yi.

Shekaranjiya da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, matuƙiya. Gobe ba ni da aiki. Zan iya zuwa in ga kin tashi?"

Na rubuta, "Ba abin kallo, zagaye kawai muke yi."

"Zagayen nake son gani. Yaya ma ta ce za ta biyo ni, wai ba ta yarda mace na tuƙa jirgi ba sai ta gani da idonta."

Na daɗe ina kallon wayar. Takalmi ba matsala ba ne, don a ɗakin ɗalibai nake canjawa zuwa kambas, kuma daga bencin baƙi zuwa inda jirgi ke tsayawa da nisa, ba mai auna tsayin mutum daga can. Amma matashin? Furannin nan daga wani gari ma ana hango su. Na hasko Yaya tana tambaya, "Na mene ne?" na hasko wani ɗan ajinmu yana ba ta amsa da fara'a. Na tuna akwai wani baƙin matashi da ke yashe a ɗakin ɗalibai, na ce da shi zan yi. Na rubuta masa, "Allah ya kawo ku lafiya," har da ɗan hoton zuciya.

Da safe na goge farar rigata har kwalar ta tsaya, na sa baƙin wando da ɗankwali ruwan toka, na ɗora abaya mai jan ƙasa, na hau tsini mafi tsawo. Matashin kuwa na tura shi bayan ƙofa, na jefa masa zanin gado. Mama tana kan keke na yi mata sallama. Ba ta ɗago ba ta ce, "Allah ya tsare, ya sauko min da ke lafiya," kamar kullum.

Na same su a bencin baƙi, bakin shingen waya. Tsani ya sha farin yadi yana ta murmushi, Yaya da ƙaton gilashi da jaka mai sarƙa, tana fifita da mayafi. Muna cikin gaisawa tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Mama ta fito. Da zanin aikinta ta zo, zare a manne a kafaɗarta, tef ɗin awo har yanzu a wuya, silifas ɗin tsakar gida a ƙafa. Ko leda ba ta tsaya nema ba. Ta ɗaga matashin sama tana sauri tana haki.

"Kin manta abinki. Ina shara na gan shi, na ce yau na shiga uku, yarinyar nan da me za ta tashi?"

Tsani ya durƙusa ya gaishe ta. Yaya ta sauke gilashi, ta dubi furannin, ta dubi leshin.

"Mama, wannan kuma na mene ne?"

Mama ta buɗe baki. Na riga ta.

"Nata ne. Bayanta ke ciwo, ko'ina da shi take zuwa." Na yi 'yar dariya. "Mama, ki zauna a kai mana, bencin nan da tauri."

Ku yi min duk zagin da kuka ga dama, na riga ku. Mama ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ta dubi ƙasan abayata inda tsinin ke ɓoye, ta dubi Yaya, sai na ga ta gane komai. Ta shimfiɗa matashin a kan benci, ta gyara shi da tafin hannu, ta zauna a kai. Ta ce, "Haka ne, bayan nan ya matsa min."

Mahaifiyata, wadda ko tsayin riga ba ta yi wa mai ɗinki ƙarya a kansa, ta yi ƙarya saboda ni.

Na wuce ɗakin ɗalibai, na canja takalmi. Baƙin matashin ba ya nan. Na duba bayan kujeru, na duba kan kabad, babu shi babu alamarsa. A nan ya kamata in koma benci in ce, "Mama, tashi ki ba ni." Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba. Maimakon haka na ɗauki rigar sanyina na ninke ta.

Na gama duba jirgi, na shiga, na cusa rigar a bayana. Kyaftin ya shigo ya zauna a dama, ya sa abin kunne, ya leƙa kujerata.

"Ina furanninki?"

"An wanke shi, Kyaftin, bai bushe ba. Na sa riga, ta isa."

"Taka mu gani."

Na riga na sassauta bel ɗin cinya. Na zamo gaba kaɗan yadda ba zai lura ba, na miƙe ƙafa, na tura feda da kan yatsu har ta kai ƙarshe. A ƙasa, ba iska ba komai, ai abin da sauƙi. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To. Ke kika san ƙafarki."

Tashin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Injina biyu suna kuka murya ɗaya, titi ya zame a ƙarƙashinmu, na ɗaga tayoyi, na hango bencin ya koma kamar ashana da ɗigo uku a kai. Har na fara jin daɗi. Na ce a raina wataƙila yau ba zai kashe inji ba, tunda ya ga ina da baƙi.

Mun yi sama sosai, muna daidai saitin filin, sai hannunsa ya sauka a kan totur ɗin injin hagu, abin ba shi wuta, ya ja shi baya. Haka ake koyarwa, ba kashewa ake yi ɗungurungum ba, ragewa ake har ya zama kamar matacce. Kukan ya canja. Hancin jirgi ya fizga hagu.

Kaina ya san komai. Ƙafar dama, taka. Na taka. Feda ta tafi rabi, ta haɗu da ƙarfin iska, ta tsaya. Na ƙara turawa, rigar da ke bayana ta lotse kamar ba a sa komai ba. Gwiwata ta miƙe sarai, saura kan babban yatsa kawai a kan ƙarfen, shi ma yana karkarwa. Fiffiken hagu ya fara nutsewa.

"Ƙafa," in ji Kyaftin, a hankali.

"Ina takawa."

"Ƙara."

Babu abin ƙarawa, ƙafar ta ƙare. Sai jikina ya yi abin da bai shawarce ni ba. Don in jawo kaina gaba in kai ga feda, na damƙi abin da ke hannuna na ja. Abin da ke hannuna kuwa sitiyarin jirgi ne. Hanci ya ɗaga sama. A malejin gudu akwai wani jan layi da aka hana mu kusanta da inji ɗaya, don a ƙasansa ko ƙafar ƙato ba ta riƙe jirgi, kifewa yake yi. Ina kallo allura ta gangaro tana neman layin nan. Ƙasa ta cika tagar hagu, gonaki da rufin gidaje suna juyawa.

"Saki! Jirgi a hannuna."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Na saki. Ya ja totur na dama baya, ya tura hanci ƙasa, jirgin ya miƙe. Sannan ya mayar da injinan biyu a hankali. Duka abin bai kai tsawon hamma biyu ba. Shi ya sauke mu, ni kuwa hannuna a cinya kamar fasinja. Da farfela suka tsaya ya juyo gare ni.

"Je ki sallami baƙinki, ki same ni a ofis."

Kun san me na fara yi da na fito? Ɗakin ɗalibai na nufa da gudu, na cire kambas, na hau tsini. Na kusa kashe dattijon mutane da kaina, amma ban manta da tsini ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Yaya ta tare ni da tafi. "Ke, ashe haka kike? Wannan juyin da kika yi a sama, na ce wa ƙanena lallai yarinyar nan gwana ce. Don mu kika yi, ko?"

Na yi murmushin da ban san daga ina ya fito ba. Tsani bai yi tafi ba. Ya miƙo min ruwan roba, ya ce a hankali, "Leɓenki ya yi fari. Sha." Mama tana zaune inda na bar ta, hannayenta biyu sun damƙe leshin gefen matashin har ya yamutse. Ita kaɗai a bencin nan ta san ba gwaninta ba ce.

Sai ga Kyaftin ya biyo ta wurin zai wuce ofis. Ya tsaya ya gaida Mama da ladabi, ya tambayi gida. Idonsa ya sauka a kan jajayen furannin da suka leƙo ta ƙarƙashin zaninta. Ya dubi ƙafata, ya ga na ƙara tsawo tun rabuwarmu. Ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Ashe ya bushe."

A ofis bai ce in zauna ba. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Laifina ne da na yarda da bakinki na bar idona. Wannan nawa ne, zan kai rahoton kaina." Ya mayar da tabarau. "Gajarta ba ta hana tuƙi, 'yata. Na koyar da wanda bai kai ki ba. Amma wanda zai bar kayan aikinsa a ƙasa don kada a yi masa dariya, gobe zai ga jar fitila ta kama ya yi shiru don kada a ce ya tsorata. Irin wannan ba na sa masa hannu."

Hawaye suka zubo min. "Kyaftin, Baba ya ce wannan zangon..."

"Na san abin da babanki ya ce. Jibi da safe akwai jirgi. Ki zo da matashinki a hannu, ba a jaka ba. Dogon nan da kika ɓoye wa, shi zai rako ki da shi har gindin fiffike. In kin zo ke kaɗai, ki koma."

A motar Tsani muka dawo, ni da Mama a baya, matashin a tsakaninmu. Yaya tana ta ba da labarin juyin a waya. Mama ta kalli taga har gida.

Na shige ɗaki na kulle, na kwanta da kayan jikina, ban fito ba sai bayan la'asar. Gidan shiru, ba ƙarar keke. Na leƙa falo. Mama tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, matashin a cinyarta, reza a hannu. Ta riga ta cire leshin, ta farke gefe ɗaya, soso ya leƙo. Kusa da ita ga wani baƙin yadi ta yanka ta ajiye.

Na ce, "Mama, me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. "Ni ce ban yi tunani ba. Wurin aikin manya, na haɗa ki da furanni kamar ɗakin amarya. Baƙi zan sa masa, siriri, in kin riƙe shi za a ɗauka jakar takardu ce. Ba wanda zai sake tambayarki."

Da mari ta yi min da na gode. Na durƙusa a gabanta, na riƙe hannun da ke da rezar, na fashe da kuka. Da kyar na ce, "Ki yafe min. Don Allah ki mayar da shi yadda yake."

"Har leshin?"

"Har leshin, Mama."

Ta ɗan dube ni ta saman tabarau. "Kin san rabin wuni na zauna a kan abin nan? Tauri gare shi kamar dutse. Yanzu kam da gaske bayan ke ciwo." Muka yi dariya da hawaye, ta zare allura daga ɗankwalinta, ta ce in zura mata zare tunda idona ya fi nata, ko da yake yau bai nuna ba.

Tana kan ɗinke gefen ƙarshe wayata ta yi ƙara. Tsani.

"Ina ƙofar gida."

Kafin in taɓa komai wani saƙon ya biyo.

"Tare da Yaya muke. Ta nuna wa mijinta bidiyon juyin da ta ɗauka, ya ce wannan ba wasa ba ne, jirgi ne ya kusa faɗuwa. Ta ce sai ta ji daga bakinki."

Na miƙe. A bakin ƙofar falo takalmana suke a jere, tsini ƙafa uku a gefe ɗaya, silifas ɗin wanki a ɗaya gefen. Ƙafata da kanta ta nufi tsini, sai da na janyo ta. Mama ta ciji zare ta tsinke, ta karkaɗe matashin, ta miƙo min.

Na zura silifas. Na rungume shi a ƙirji, furannin suna kallon waje, na ratsa tsakar gida na zare sakata.

Yana tsaye dab da ƙofar, ya saita idonsa daidai inda ya saba samun fuskata. Babu kowa a wurin. Ya sauke kai a hankali, ya ƙara saukewa, har ya same ni a saitin aljihun rigarsa. A bayansa na ji gilashin mota yana sauka.

Na ce, "Matashin nan nawa ne."